Maganin Hawan Jini Mai Hutar Da Zuciya

Mun saba zancen zuciyar da so ke wahalarwa, to yau dai zancen ainihin tsokar da ke bugawa a ƙirjinmu na kawo muku.

Da yawanmu mu ke jinyar iyaye da yayye a gida. Sai ki ga ƙafar Mama ta kumbura, numfashi na gagararta in ta kwanta, likita ya ce zuciya ce ta gaza, amma ya rubuto maganin hawan jini irin su bisoprolol ko carvedilol. Kar ki ce kuskure ya yi.

Kin ga, a jikin tsokar zuciya akwai wasu 'yan mitsi-mitsin wurare da zan kira kunnuwa, su ke jin kiran sinadarin adiranalin, wanda ke sa gabanki faɗuwa in kin razana. Idan zuciya ta raunana, jiki sai ya yi ta kwararo irin wannan sinadari dare da rana, kamar mai zabga wa gajiyayyen jaki bulala. Da tsawa ta yi yawa sai kunnuwan su ragu, tsokar ta ƙara lalacewa.

Maganin nan toshe kunnuwan yake, bugun ya lafa, zuciya ta samu ta huta, sannu a hankali ƙarfinta ya ƙaru. A da likitoci tsoron ba da shi suke ga mai wannan ciwo, sai a 1975 wasu likitoci a Suwidin suka gwada suka ga amfani. A 1999 manyan bincike biyu suka nuna yana rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Mu mata abin ya shafe mu ƙwarai. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya ga masu jego, suka danganta ta da kunun kanwa da zafin wankan jego.

Don Allah ki riƙe wannan: da kaɗan ake farawa, ana ƙarawa a hankali. Makonnin farko Mama na iya jin kasala, amfanin kuwa sai bayan wata biyu ko uku. Ko ta ji garau kada ta daina shi farat ɗaya, zuciya na iya rikicewa. In tana da asma, a gaya wa likita tun farko. A rage gishiri da kanwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.