Shin Ko Kun San? Motar Elvis da Aka Tsinto a Rumbun Kabewa

A wannan makon filin namu ya leƙa Jamus, ya ɗauko labarin wata 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu da rufin tanti da ake naɗewa, wadda ake kira BMW 507. A cikin 'yan ɗaruruwan da aka ƙera, guda ɗaya muka bi sawunta, mai lamba 70079. Ku riƙe lambar nan da kyau, domin ita ce ta ceci motar daga ƙarewa a hannun 'yan gwangwan.

Shin ko kun san cewa ba a Jamus aka fara tunanin ƙera wannan mota ba? Wani dillalin motoci ne a birnin New York, Max Hoffman, haifaffen Ostiriya, ya matsa wa kamfanin BMW lamba a 1954 cewa su yi wa Amurkawa motar yayi mai buɗaɗɗen sama. Lissafinsa shi ne a sayar da ita a kan dala 5,000, a riƙa fitar da dubbai a kowace shekara.

Shin ko kun san cewa da hannu aka riƙa buga jikinta? Albrecht von Goertz ne ya zana ta, aka fara nuna ta a otal ɗin Waldorf-Astoria na New York a 1955. Jikin na alminiyam ne, maƙera ke lanƙwasa shi da guduma ɓangare-ɓangare, shi ya sa da wuya a sami guda biyu da suka yi daidai da juna. Wanda ya sayi rufin ƙarfe na lokacin sanyi, to motarsa kaɗai rufin zai hau, ba zai zauna a kan ta maƙwabcinsa ba.

Shin ko kun san cewa injinta mai silinda 8 ne, girmansa lita 3.2, ƙarfinsa na dawaki 150? Tana iya kaiwa wajen kilomita 200 a awa ɗaya. A zamanin da Jamusawa da yawa ke hawa babur ko 'yar ƙurƙurar motar nan Isetta mai ƙofa a gaba, wannan ba ƙaramin gudu ba ne.

Shin ko kun san cewa tsada ce ta kashe mata kasuwa? Aikin hannu ya cinye kuɗi, farashin ya tashi daga dala 5,000 da aka yi fata zuwa 9,000, daga baya ya haura 10,000. A Jamus kuwa mak 26,500 ake sayar da ita, kuɗin da zai saya wa mutum Volkswagen Beetle biyar har da canji. Daga 1956 zuwa 1959 guda 252 kacal aka ƙera, in aka haɗa da biyu na gwaji su zama 254. Kuma kowace ɗaya da ta fita, faɗuwa kamfanin ya yi a kanta.

Shin ko kun san cewa saura ƙiris BMW ya zama reshen kamfanin Mercedes? Asarar 507 da ta manyan motocin alfarma da suka ƙi sayuwa ta durƙusar da kamfanin, har aka kawo tayin miƙa shi ga Daimler-Benz, mai ƙera Mercedes, a taron masu hannun jari na ranar 9 ga Disamba, 1959. Ƙananan masu jari da dillalai suka yi tsayin daka suka hana. Attajiri Herbert Quandt ya zuba kuɗinsa, sannan wata 'yar ƙaramar mota mai araha, BMW 700, ta farfaɗo da kasuwar. Ta masu kuɗi ta kai su bakin rami, ta talakawa ta janyo su.

Shin ko kun san cewa mai lamba 70079 ta fito daga masana'anta ranar 13 ga Satumba, 1957? Kwanaki kaɗan bayan haka aka kai ta baje kolin motoci na Frankfurt, 'yan jarida suka yi ta gwada ta. Daga nan aka damƙa ta ga shahararren ɗan tsere Hans Stuck, ya nuna ta a baje kolin Landan, ya bi da ita ta Beljiyam inda Sarki Baudouin ya gan ta, ya wuce Turin ta Italiya.

Shin ko kun san cewa ana yi wa Hans Stuck laƙabi da Sarkin Tsaunuka? Gwaninta ce ta tseren hawan dutse ta jawo masa sunan tun a shekarun 1930. A 1958, yana da shekara kusan 58, ya ci gasannin hawan tsauni da wannan farar mota a Jamus da Ostiriya da Suwizalan. A shekarar ce kuma ta ci gasar kyawun motoci a Wiesbaden, ta kuma fito a wani fim ɗin Jamusanci.

Shin ko kun san cewa Elvis Presley, duk da dukiyarsa, ta hannu ya saya? Mawaƙin ya sauka Jamus ranar 1 ga Oktoba, 1958 a matsayin ƙaramin sojan Amurka, yana da shekara 23. Ya ga motar a wurin wani dillali a Frankfurt bayan kamfanin ya yi mata garambawul ya sa mata sabon giya, ya ɗana ta, ta kwanta masa a rai. A watan Disamba ya karɓi makulli. Da ita yake zirga-zirga tsakanin gidansa da ke Bad Nauheim da barikin soja na Friedberg.

Shin ko kun san cewa janbaki ne ya sa aka sauya mata launi? Duk inda ya ajiye ta, 'yan mata masoyansa sai su rufe farin fentin da saƙonni da sunaye, da janbaki suke rubutawa. Ga soja mai shiga bariki kullum, abin ya zama abin kunya. Sai ya sa aka fesa mata jan fenti, rubutun ya daina fitowa.

Shin ko kun san cewa dala 4,500 aka sayar da ita bayan Elvis ya rabu da ita? Ya gama aikin soja a watan Maris na 1960, motar ta bi shi Amurka, ba a jima ba ta koma hannun wani dillalin Chrysler a New York. Wanda ya saye ta shi ne Tommy Charles, mai gabatar da shiri a gidan rediyo a Birmingham ta jihar Alabama. Shi tsere ne a gabansa, don haka ya cire injin BMW ya dasa na Chevrolet. Injin ya fi ramin girma, sai aka yanke wani sashe na ƙarfen gaban shasi don ya shiga. Aka canja giya, aka canja aksul na baya, aka canja agogunan gaban direba. Ya ci tsere da ita a Daytona Beach kafin ya sayar a 1963.

Shin ko kun san cewa ta kwashe shekaru masu yawa a rumbun kabewa? Bayan ta ƙara sauya hannu sau biyu, wani injiniyan harkar sararin samaniya, Jack Castor, ya saye ta a 1968 ya kai ta Kalifoniya. Ya ɗan hau ta na wani lokaci, sannan ya ajiye ta a wani sito da ake tara kabewa a Half Moon Bay, kudu da San Francisco, da niyyar wata rana zai gyara. Yana ta tara kayan gyara a akwatuna, yana ta tara takardun tarihin motar, shekaru na ta wucewa. A can Jamus kuwa an daɗe da fitar da rai, ana ganin motar Elvis ta ɓace ke nan.

Shin ko kun san cewa wata 'yar jarida ce ta gano bakin zaren? Jackie Jouret ta mujallar Bimmer ta yi ta tono a tsoffin takardun BMW, ta yi rubutu a kan ɓatacciyar motar. Castor ya karanta, ya aika mata cewa motar Hans Stuck tana wurinsa. Abin da ya rikita bincike tun farko shi ne sojojin Amurka kan sauya lambar rajista kowace shekara, don haka hotunan Elvis ba su isa hujja ba. Da ta je rumbun aka ɗaga bonet, aka haska fitila a kan shasi, sai ga lambar a buge a jikin ƙarfe: 70079. Motar Stuck da motar Elvis ashe abu ɗaya ne.

Shin ko kun san cewa sai da aka baje ta da dattinta kafin a taɓa ta? Castor bai yi gaggawar sayarwa ba. An shafe shekaru ana tattaunawa da Klaus Kutscher da sauran ƙwararrun sashen tsoffin motoci na BMW, kafin a daidaita a kan sharaɗin za a mayar da ita yadda take a 1958. A 2014 aka loda ta a kwantena tare da kayan gyaran da ya tara, sai birnin Munich. Gidan adana tarihi na kamfanin ya nuna ta yadda aka tsince ta: babu injinta na asali, babu giya, babu allon gaban direba, kujeru sun yage, tsatsa ta ci ƙasanta.

Shin ko kun san cewa wanka biyu aka yi mata? Bayan an warware ta ƙusa-ƙusa, an raba jikin alminiyam da ƙarfen ƙasa. Ƙarfen aka tsoma a ruwan asid, alminiyam ɗin kuma a ruwa mai kaifi irin na kanwa, domin fentin ya fita ba tare da an kankare jikin ba. Sashen shasin da aka yanke a Alabama kuwa, sabo aka ƙera daidai da tsohon awo aka liƙa shi a mazauninsa.

Shin ko kun san cewa an haɗa aikin hannu na dā da na'urar zamani? Mariƙin ƙofa da hannun ɗaga gilashi babu su a kasuwa, sai aka ɗauki siffar na asali da kwamfuta, na'urar da ke fitar da abu da cikakkiyar surarsa ta buga sababbi. Kujerun kuma ƙarfensu na asali aka kankare, aka shimfiɗa musu zaren ɓawon kwakwa kamar yadda ake yi a shekarun 1950, aka ɗinka fata bisa tsoffin hotuna.

Shin ko kun san cewa injin da ke cikinta yanzu ba shi da lamba? An harhaɗa shi ne daga tsoffin sassa da sababbi, bisa ƙa'idar injin 507. Masu gyaran suna da damar buga masa tsohuwar lamba, amma suka ƙi, tunda ba shi ne na asalin ba. A kasuwar tsoffin motoci, faɗin gaskiya irin wannan shi ke tsare darajar kaya.

Shin ko kun san cewa wanda ya adana ta shekara 46 bai ga ƙarshen aikin ba? Jack Castor ya rasu a watan Nuwamba na 2014 yana da shekara 77. An ci gaba da aikin kusan shekara biyu, aka mayar mata da farin fentinta, kuma da salon feshi irin na wancan zamani don kada ta yi ƙyallin da bai dace da shekarunta ba. Ranar 21 ga Agusta, 2016 aka fito da ita a taron tsoffin motoci na Pebble Beach, a Kalifoniyar da ta yi dogon barcinta.

Shin ko kun san cewa motar da ta rasa masu saye yanzu sai mai miliyoyi? Zakaran tseren babur da mota na Birtaniya, John Surtees, ya mallaki tasa 507 bayan ya ci kambun duniya na 1956, ya riƙe ta har rasuwarsa a 2017. A watan Yulin 2018 aka yi gwanjonta a Goodwood ta Ingila a kan fam miliyan 3.8. Mai ita ɗaya ne tun tana sabuwa, kuma tarihinta a rubuce yake.

Shin ko kun san cewa BMW ya sake waiwayar wannan zane bayan shekara 40? Motar Z8, wadda aka ƙera daga 2000 zuwa 2003 kuma ta fito a fim ɗin James Bond na 1999, kamanninta daga 507 aka ɗauko su.

Saboda haka, mai karatu, in kana da tsohuwar mota a bayan gida, ko ta mahaifi da aka jingine, kafin ka kira mai sayen ƙarfe ka fara duba lambar shasinta, ka kuma adana takardunta wuri guda.