Yara Na Kaɗa Wa Yara: Kiɗan Kirsimeti a Turai da Tashe a Gida

Idan Disamba ta kama, makarantun firamare da dama a Ingila kan kwashi ɗalibansu zuwa zauren kiɗa. Makaɗan da ke jiransu matasa ne, wasu ba su wuce shekara 13 ba, riƙe da goge irin na Turawa manya da ƙanana, da sarewa, da ƙahonnin tagulla, da ganguna. A gefe mai ba da labari yana karanta tatsuniyar Kirsimeti, kiɗa na bin bakinsa. Babbar ƙungiyar irin waɗannan matasa a Birtaniya, Ruth Railton ce ta kafa ta a 1948.

Dabarar ta daɗe. A 1936 Sergei Prokofiev na Rasha ya tsara wa yaran Mosko labarin wani yaro, Peter, da kyarkeci, ya raba wa kowa a cikin labarin nasa abin kiɗa. Tsuntsu ya samu sarewa. Agwagwa ta samu wani abin busa mai murya kusa da ta algaita. Kyarkeci ƙahonni uku ne, harbin maharba kuwa manyan ganguna. Kafin a tashi, yaron da bai taɓa ganin waɗannan kaya ba ya san muryar kowanne, ba tare da an zaunar da shi gaban allo ba. A lokacin Kirsimeti akan ɗauko The Snowman, fim ɗin zane na 1982 wanda babu hira a cikinsa: ana haska hoton, matasa na kaɗa labarin.

Wanda ya tashi a Jega, Aliero ko Maiyama a Kabi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Daga goma ga watan azumi, bayan an sha ruwa, yara kan bi gida-gida suna tashe. Wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani, 'yan mata na nuna zaman aure a wasan Mairama da Daudu. Gwangwani da ƙwarya ne kayan kiɗan, ladan kuwa hatsi ko 'yan kuɗi. Babu babban da ya tsara musu, kuma habaicin da ke ciki ya fi na Turawan kaifi.

Kiristocin Arewa ma suna da nasu. A majami'un Zuru da Wusasa, Kirsimeti lokaci ne na waƙoƙin Hausa, Zumuntar Mata na buga tulu, yaran Boys' Brigade na maci da ganga da bigila, ƙanana kuma na wasan kwaikwayon haihuwar Yesu Almasihu.

Inda aka bar mu a baya shi ne wurin koyo. A Legas akwai MUSON, ƙungiyar da aka kafa a 1983, mai makarantar da ke koyar da kiɗa a rubuce. A ƙasar Hausa kuwa algaita, kotso da kalangu gadon gida ne. Ɗan da ba na makaɗa ba da wuya iyayensa su bar shi ya taɓa su, ɗan makaɗin kuma sau da yawa ya kama wata sana'a. Shugabannin makarantun Kabi ba sa buƙatar sayo goge daga Turai. Su gayyato mai algaita da mai kalangu na garinsu, su ɗauko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, su raba wa ɗalibai muryoyi a bikin ƙarshen zango.