Sa Ido Kan Kayan Agaji a Wuraren da Ba Su Shiguwa

Gabatarwa

Tun zamanin En'e ma'aikacin hukuma ya san amfanin rangadi. Rahoton da dagaci ya aika wa hakimi, hakimi ya aika wa Di'o, ba ya wadatarwa sai wani ya taka ya je ya ga rijiyar da aka ce an haƙa, domin gani ya kori ji. To, amma akwai wuraren da rangadi ba ya yiwuwa sabili da yaƙi ko yankewar hanya, alhali kuwa a nan yunwa ta fi tsanani, nan kuma ake tura hatsi da magani na maƙudan kuɗi. Wannan lacca za ta bayyana dabarar da ƙungiyoyin agaji suka ɓullo da ita a madadin rangadi, watau ɗaukar masu sa ido masu zaman kansu, da yadda suke aiki, da sharuɗɗan da in babu su aikin ya zama ɓarnar takarda kurum.

Asalin matsalar

Ƙasar Somaliya na cikin wuraren da aka fara dogara da wannan dabara sosai. Da yaƙi ya tsananta, yawancin shugabannin ƙungiyoyin agaji sun koma Nairobi ta ƙasar Kenya, suna gudanar da aiki daga nesa ta hannun 'yan kwangila da ƙananan ƙungiyoyin cikin gida. A watan Janairu na 2010 Hukumar Samar da Abinci ta Duniya, WFP, ta dakatar da aiki a yawancin kudancin ƙasar saboda barazanar mayaƙan Al-Shabab. A watan Maris na shekarar nan wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi zargin cewa kusan rabin abincin agaji ana karkatar da shi, ko da yake hukumar ta musanta wannan adadi. Zargin ya sanyaya guiwar masu ba da kuɗi. Da fari ya zo, aka ayyana yunwa a watan Yuli na 2011, daga bisani bincike ya nuna mutum kimanin 258,000 sun mutu, kusan rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5.

A Nijeriya ma an ga irin wannan. A watan Yuni na 2016 likitocin ƙungiyar MSF suka samu shiga Bama ta Jihar Borno na 'yan sa'o'i kawai. Suka tarar da mutum kimanin 24,000 a sansanin da ke harabar asibiti, suka kuma ƙirga kaburbura fiye da 1,200 a kusa da shi. Sai da baƙon ido ya kai wurin kana duniya ta san halin da ake ciki. Bayan shekara guda, a 2017, ofishin Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya bayyana cewa kimanin rabin motocin abincin da ake turawa arewa maso gabas ba sa isa inda aka nufa.

Yadda aikin yake

Ɓangarori uku ne a cikin lamarin. Akwai mai ba da kuɗi, akwai mai rabon kaya, sa'an nan akwai mai sa ido, wanda ba shi da hannu a rabon, ba ya kuma ƙarƙashin mai rabon. Galibi wani kamfani ne ko cibiyar bincike ake ba kwangilar, su kuma su ɗauki 'yan yankin da suka iya harshen mutane, suka kuma san hanya.

Mai sa ido yakan halarci wurin rabo ya auna buhu, ya gwada abin da aka rubuta da abin da aka miƙa. Bayan mako biyu ko uku yakan zaɓi gidaje daga jerin sunaye ba tare da sanin mai rabo ba, ya tambaye su abin da suka karɓa, da ko wani ya nemi kaso a ciki. Yakan zaga kasuwa ya duba ko buhunan da aka rubuta wa ba na sayarwa ba ne suna kan tebur. Hotunan da yake ɗauka da waya suna ɗauke da kwanan wata da alamar wurin da aka ɗauke su. Har ila yau akan buga wa masu karɓa waya daga wani gari, akan kuma duba hoton tauraron ɗan Adam don tabbatar da cewa ginin da aka biya kuɗinsa yana tsaye. Ba a dogara da hanya guda. Sai shaidu biyu ko uku sun dace sa'an nan a karɓa.

Inda gizo ke saƙa

Na farko, kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski. Idan mai rabon kaya shi ne ke biyan mai sa ido, shi ke ba shi mota da masauki, shi ke zaɓa masa ƙauyen da zai je, to rahoton ba zai ɗaga murya ba. Kamfanin da ke fatan a sabunta masa kwangila yakan tausasa harshe ko ba a roƙe shi ba.

Na biyu, ɗan yankin da ya iya shiga shi ne kuma ke da dangi da surukai a can. A sansanonin Mogadishu an san masu tsaron ƙofa waɗanda ke karɓar kaso daga abincin 'yan gudun hijira. Matar da aka yi wa tambaya a gaban irin wannan mutum za ta ce komai lafiya, don ta san baƙo zai tafi, ita ce za ta kwana a wurin. Shi ya sa ake bukatar mata masu tambaya, da keɓantaccen wuri, da ɓoye sunan mai ba da shaida.

Na uku, hatsarin da babban ma'aikaci ya guje wa bai gushe ba, an dai ɗora shi a kan ƙarami. A harin da aka kai Rann a watan Maris na 2018 an kashe ma'aikatan agaji 3, aka sace mata 3 ma'aikatan lafiya, daga baya aka kashe 2 cikinsu. Irin wuraren nan ake tura mai sa ido. In aka tura shi ba horo, ba tanadin ceto, aka kuma ce sai ya cika takarda kaza kafin a biya shi, kada a yi mamaki in ya zauna a gindin bishiya ya cika su da ka.

Na huɗu shi ne abin da ake yi da rahoto. Wani akan jefa shi cikin durowa. Wani kuma akan yi hukunci da shi wanda ke faɗawa kan marar laifi. A 2019 WFP ta dakatar da wani sashe na rabon abinci a birnin San'a na Yaman, a 2023 kuma ita da gwamnatin Amurka suka dakatar da agajin abinci a Habasha har tsawon watanni, duk saboda karkatar da kaya. Ɓarawo ya riga ya sayar da nasa. Mai jin yunwa ne ya yi jira.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa waya da tauraron ɗan Adam kayan aiki ne kawai. Ƙimar rahoto tana rataye ne a kan tambayoyi huɗu da ya wajaba kowane ma'aikaci ya yi kafin ya sa masa hannu: wa ya biya mai sa ido, wa ya zaɓi inda ya je, a gaban wa aka yi tambaya, me kuma aka tanada za a yi in an gano ɓarna. Kamata ya yi kuɗin sa ido ya fito daga aljihun da ba na mai rabo ba, rahoto ya tafi kai tsaye ga mai ikon gyara, a kuma riƙa yin sa a kai a kai don a toshe ƙaramar kafa tun ba ta kai ga rufe rumbu gaba ɗaya ba. Bugu da ƙari, a koma wa mutanen da aka tambaya a shaida musu abin da aka yi da maganarsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in ya faɗa sau biyu bai ga an kawo jinka ba, karo na uku shiru zai yi.