An Rufe Makaranta, Aka Buɗe Ɗakin Kaka

Ranar 18 ga Maris, 2020, gwamnonin Arewa maso Yamma suka zauna a Kaduna suka yanke cewa daga Litinin, 23 ga wata, a rufe makarantu na kwana 30 saboda korona. A lokacin ko mutum guda ba a samu da cutar a Zamfara ba, sai ƙarshen Afrilu, ana shiga azumi, aka tabbatar ta iso. Kwana 30 ɗin nan kuwa ya yi ta ja. In ban da 'yan ajin ƙarshe da aka mayar a watan Agusta don su zana WAEC, sauran yara sun haura wata shida ba su ga ƙofar aji ba.

Abin da ba a tsaya aka tambaya ba shi ne: in an sallami yaro daga makaranta, ina zai wuni? Wanda ya san gidajenmu a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ya san amsa. Maigida dole ya fita, domin mai abin hannu-baka-hannu-ƙwarya ba ya ajiye cefanen mako. Uwa tana fama da surfe da girki da ɗan abin sayarwarta. Sai yara su tare a ɗakin kaka, ko a zaure wurin tsoho. Can za su ci ɗumame, can za su yi barcin rana, a tabarma ɗaya, da moɗa ɗaya. Da yamma su fita wasa da yaran unguwa, da magariba su dawo su faɗa jikin tsohuwa, ita kuma ba za ta kori jika ba ko da likita ne ya ce ta kora.

Matsalar kuwa ita ce korona cuta ce mai sassauta wa yara ta tsananta wa manya. Yaro zai iya ɗaukarta ya yi ɗan mura na kwana biyu, ko ma ba a ga komai a jikinsa ba, amma ya kai ta ga mai shekara 70 da ke fama da hawan jini ko ciwon suga. Kano ta ga wannan da idonta. Da mace-mace suka yi yawa a watan Afrilun 2020, Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, cewa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama da alaƙa da korona, kuma akasarinsu sun haura shekara 65. Mu ma nan ba mu tsira ba: ranar 3 ga Mayu Sarkin Ƙauran Namoda, Alhaji Ahmad Muhammad Asha, ya rasu a asibitin Yariman Bakura da ke Gusau yana jiran sakamakon gwaji. Allah Ya jiƙan su baki ɗaya.

Ba ina cewa rufe makaranta kuskure ne ba. Sabuwar cuta ce, babu rigakafi, wanda ma bai iso Najeriya ba sai 2 ga Maris, 2021. Abin da nake cewa shi ne an kwafo doka daga ƙasashen da tsofaffi ke zama su kaɗai, aka ɗora ta a kan gidan gandu, inda kaka da jika ke kwana ɗaki ɗaya. Aka yi ta shelar a wanke hannu, a ba da tazara, amma ba a cika jin mai cewa a raba wa tsoho kwano da shimfiɗa ba. Wasu tsofaffin ma ba cutar ce ta kayar da su ba, tsoronta ne. Suka ƙaurace wa asibiti don gudun kada a killace su, maganin hawan jini ya ƙare ba a sayo wani ba, sai ga shanyewar ɓarin jiki.

Ga yara kuma, asarar ta ɗauki wata siffa. An ce a yi karatu ta rediyo da intanet. Ɗan ƙauyen da gidansu waya ɗaya ce, ita ma tana aljihun uba, me ya samu? Yarinya ta ɗauki farantin talla ta saba da riƙe kuɗi, wata aka ce zaman me take yi, aka ɗaura mata aure. Yaro ya bi gona, wani ya bi masu haƙar zinare. Almajiran da gwamnonin Arewa suka yi ta lodawa a motoci ana mayar da su jihohinsu, da yawa sun sauka ne a hannun kakanni.

Kafin Zamfara ta farfaɗo sai ga wani kullen. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe, Gwamna Bello Matawalle ya rufe makarantun kwana. Ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai 73 a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, aka rufe makarantun jihar gaba ɗaya, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako. Yaron da ke aji ɗaya a 2020 ya wayi gari ana kiransa ɗan aji uku alhali bai iya haɗa baƙi ba. Ku gwada na gidanku, ku miƙa masa takarda ya karanta.

A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama lamarin gaggawa. Amma jihar da ta sha sanƙarau a 2017, ta sha amai da gudawa a 2021, ba ta da dalilin zaton an gama. Don haka duk ranar da aka sake shelar annoba, a fara da ɗakin tsofaffi. A ware musu kwano da buta da moɗa, a buɗe taga, yaro mai tari ko zazzaɓi ya gaishe su daga bakin ƙofa. Ba raini ba ne, kuma ba rashin tawakkali ba ne. A tanadar musu maganin wata guda, in numfashi ya fara sarƙewa a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Renon yara kuma a raba shi tsakanin matasan gida, ƙanwar uwa ko yayar uba, a bar tsohuwa ta huta. Mai ilimin da ke unguwa ya tara yara biyar ko shida a inuwa, awa ɗaya da safe, kada hannu ya manta da alƙalami.

Wannan na gaba ne. Na yau shi ne, akwai yaran da suka bar aji tun Maris ɗin 2020 har yanzu ba su koma ba, kuma kowa ya san su a unguwarsa. Masu unguwanni, limamai, iyaye, a nemo su a kai su wurin hedimasta, ko da a ajin baya za a zaunar da su.