Ko Ka Sani? Icen Bindiga Ne Ke Riƙe da Saitinta

Ko ka san bindigogi biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya, ƙarfensu ɗaya, harsashinsu ɗaya, za su iya bambanta ƙwarai a wajen harbi saboda icen da aka kwantar da kowacce a kai? Yawancinmu idan muka ga bindiga, ƙarfen muke kallo, mu ɗauki icen a matsayin mariƙi kawai. Maharban da suka san aikinsu ba haka suke ganinsa ba. A wurinsu wannan ice, wanda ya taso daga gindin da ake tokarawa a kafaɗa ya bi ta ƙarƙashin bututun ƙarfe, shi ne ke sa harsashi ya je inda ido ya nufa ko ya kauce.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, an kawo bindigogi daga ƙasar Nufe. Ya kuma ce Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron lafiyarsa. Har gobe 'yan bindiga ne ke sanar da gari fitowar sarki ranar hawan salla, kuma a garuruwa irin su Bichi da Tsanyawa akan ji amonsu idan ana bikin sarauta.

Waɗancan bindigogi ta baki ake ɗura musu albarushi, a daka, a sa harsashi. Cikin bututunsu sumul yake, saboda haka harsashin yakan fita yana tangaɗi, kuma da ya yi ɗan nisa sai dai a dogara da sa'a. Mafaraucin da ke riƙe da adaka dole ya yi sanɗa ya kusanci nama. A irin wannan bindiga, aikin ice bai wuce ya riƙe ƙarfe ya kare hannu daga zafi ba. Lamarin ya sauya ne lokacin da aka yawaita bindigogin da ake yi wa zane mai murɗiya a cikin bututu. Zanen yana sa harsashi ya fita yana juyawa, ya miƙe sambal har ɗaruruwan mitoci. Daga nan ne ƙaramin aibin ice ya zama babban al'amari.

Lissafin da ya sa haka

A ce tsawon bututun bindiga santimita 60 ne. Idan icen da ke ƙarƙashinsa ya tura bakinsa gefe da milimita ɗaya tak, harsashi zai kauce da kusan santimita 17 a nisan mita 100. A mita 500 kaucewar ta haura santimita 80. Ko da turawar ba ta fi kaurin fallayen takarda biyu ba, a nisan kilomita ɗaya kuskuren ya kai wajen santimita 30. Ido ba ya ganin irin wannan motsi, hannu ba ya jin sa, amma allon da ake harbi yana nuna shi.

Akwai kuma wani abu. Duk lokacin da aka ja kunama, bututun yana kaɗawa kafin harsashi ya bar shi. Kaɗawar ba laifi ba ce muddin iri ɗaya take yi a kowane harbi. Matsala tana zuwa ne idan yau ice ya taɓa ƙarfen a nan, gobe ya taɓa shi a can. Shi ya sa masu ƙera bindigar gasa sukan bar 'yar tazara tsakanin bututu da ice tun daga tushe har baki, yadda za a iya zura takarda ta wuce ba tare da ta maƙale ba. A tushen kuwa, inda ƙarfe ya zauna aka ɗaure shi da kusoshi, akasin haka ake so: zama daram, babu ko ɗan girgiɗi. Sukan cike gurbin da gam mai tauri don ƙarfen ya sami mazauni daidai da siffarsa.

Ice yana shan iska

Kowane manomi a Tsanyawa ya san halin ƙotar fartanya. Da hunturu takan bushe ta tsuke har ruwan fartanyar ya riƙa girgiɗi, idan damina ta sauka kuma ta kumbura ta kama shi gam. Icen bindiga ma haka yake, domin ko an shekara goma da sare shi bai daina shan laimar iska yana fitar da ita ba. Kumburinsa ya fi yawa ta faɗi, ta tsawo kuwa kaɗan ne, kuma idan jijiyoyinsa ba su miƙe ba sai ya karkace. A ƙasarmu bambancin yana da girma: iskar Janairu busasshiya ce ƙamas, ta Agusta kuwa jiƙe take da ruwa. Bindigar da aka daidaita saitinta da hunturu tana iya ƙin bin wannan saiti a tsakiyar damina, alhali ba wanda ya taɓa ta.

Manyan rundunonin duniya sun sha wannan wahala. A 1966 sojojin Marine na Amurka suka fara aiki da bindigar M40, wadda aka gina a kan Remington 700, da icenta na katako. Laimar Biyetnam ta riƙa karkatar da katakon, saiti yana gudu. A shekarun 1970 suka sauya shi da na faiba, ƙirar kamfanin McMillan, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Kafin su, Jamusawa sun bi wata hanya a bindigarsu ta Kar98k: suka yanka katako falle-falle suka manne da gam, don kowane falle ya hana ɗan'uwansa karkacewa. A Ingila kuma kamfanin Accuracy International, wanda Malcolm Cooper, gwanin harbin da ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1984 da ta 1988, yake cikin waɗanda suka kafa shi, ya ɗora ƙarfen bindiga a kan ƙashin alminiyam, ya lulluɓe shi da roba. Hanyoyin sun bambanta, amma abu ɗaya duk suke nema, wato mazaunin da rana da ruwa ba sa motsa shi.

Sai ya dace da jikin mai riƙo

Ice yakan yi kyau ga ƙarfe amma ya ƙi mutum. Abu na farko da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin kunama da ƙarshen gindi. A yawancin bindigogin farauta na masana'anta takan kai wajen santimita 34. Idan ta yi wa mutum tsawo, zai riƙa miƙa wuya, yatsansa ya ja kunama a karkace. Idan ta yi gajarta, zai takure, kuma shurin da bindiga ke yi da baya zai fi dukansa. Turawan Ingila sun san da haka, shi ya sa suka riƙa yin gindin bindigarsu Lee-Enfield tsawo huɗu, kowane ya ɗara na ƙasa da shi da rabin inci, don a ba kowane soja daidai hannunsa. Ita ce bindigar da kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka riƙe a yaƙin Bama, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu.

Abu na biyu shi ne tudun da kunci ke kwanciya a kai. Idan aka ɗora wa bindiga madubin hange, layin gani yakan tashi sama, kuma in tudun bai tashi tare da shi ba, maharbi zai ɗaga kai yana laluben hoto, yau a nan gobe a can. Na uku nauyi. Ice mai nauyi yana shanye shuri, yana rage rawar hannu, amma mai yawo a daji ba zai gode masa ba.

Mai ƙaramin ƙarfi fa?

A ƙasashen da harbin allo ya zama wasa, irin su Amurka da Afirka ta Kudu da Ostareliya, akwai masu sayen bindiga mai sauƙin kuɗi su yi gasa da ita. Sau da yawa ƙarfenta lafiya lau ne, inda masana'anta ta yi tsimi shi ne mariƙin, wanda akan zuba da roba mai taushi. Da an jingina shi a kan wani abu sai ya lanƙwasa ya taɓo bututu. Saboda haka shi suke fara sauyawa, kuma gogaggunsu suna da tsari: tauri tukuna, sannan dacewa da jiki, sannan nauyi, kwalliya ce ta ƙarshe. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to a nan ba adon ake nema ba. Katakon da aka manne falle-falle, mai matsakaicin kuɗi, idan ya zauna da kyau, yakan fi mai tsadar da aka ɗaura da garaje.

Abin da ya shafe mu

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Akwai waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, akwai na Sufeto Janar na 'yan sanda, su kuma masu ɗuri ta baki lasisinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙerawa da gyarawa ma ba a yin su sai da izini. Hikimar wannan a fili take ga wanda ya san ƙasa irin ta Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, ƙauye yana hango ƙauye. Harsashin Lee-Enfield da ya kuskure abin da aka nufa yana iya tafiyar kilomita 3 kafin ya faɗi, kuma a cikin wannan tazara akwai mai noma, akwai yaro mai kiwo, akwai mata a bakin rijiya. Bindigar nesa ba kayan wannan ƙasa ba ce.

Abin da ke namu shi ne ilimin icen. Masassaƙinmu ya san kuka da rimi ba su da ƙwarin ɗaukar duka. Ya san ƙirya da nauyi da tauri, marke da juriya, aduwa da laushin fuska har ake yin allo da ita, maɗaci da karɓar gizago. Ya san ba a sassaƙa ɗanye, a inuwa ake busar da ice don kada ya tsage, kuma jijiya ake bi ba a gicciye ta. Wannan shi ne ainihin abin da injiniyoyin Turai da Amurka suka kashe shekaru da dukiya suna bi. Sai dai masassaƙan suna tsufa, itatuwan kuma gatari da gawayi suna cinye su. Duk wanda ke da marke ko kanya ko maɗaci a gonarsa ya bar shi ya rayu, ya dasa wani kusa da shi, kuma ya tura yaro ya zauna gaban masassaƙin unguwa tun yana da ƙarfin koyarwa.