Dokar Kare Bayanan Mutum da Halin da Ake Ciki a Batsari da Safana

Bayanan mutum, a ma'anar doka, su ne duk abin da za a iya gane shi da shi, kamar sunansa da lambar wayarsa da zanen yatsunsa da lambarsa ta zama ɗan ƙasa, wato NIN. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya amince da haƙƙin sirri, amma sai a watan Yunin 2023 aka sa hannu a cikakkiyar doka, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta kuma wajabta wa mai karɓar bayanai ya faɗi dalilin karɓarsu, kada ya zarce wannan dalili. Tsarinta ya yi kama da na dokar Tarayyar Turai mai suna GDPR, wadda a ƙarƙashinta aka ci kamfanin Meta tarar Yuro biliyan 1.2 a 2023, alhali Amurka har yau ba ta da doka guda da ta game ƙasar.

Sai dai an tsara irin waɗannan dokoki ne da manyan kamfanoni a zuciya, su kuwa mutanen Batsari da Safana, da ke bakin dajin Rugu a jihar Katsina, bayanansu a hannu suke yawo. Tun da aka tilasta haɗa layin waya da NIN a watan Disamban 2020, takardar NIN ta zama abin da ake miƙa wa mai shagon rajista ya ɗauki hotonta da wayarsa. Dattijuwar da ba ta karatu tana faɗa wa mai POS lambar sirrin katinta a gaban jama'a. Jerin sunayen 'yan gudun hijira da aka rubuta don rabon tallafi, da ƙauyukansu da lambobinsu, yana iya kwana a aljihun wanda bai ma san akwai doka ba. A Turai fitar bayanai kan jawo tallan da ba a nema ba ko zamba, amma a yankin da ake tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto, sanin wanda ya sayar da shanu ko wanda ɗansa ya turo masa kuɗi daga Legas yana iya zama sanadin neman kuɗin fansa.

Dokar ta kuma sassauta wa hukumomi idan batun tsaron ƙasa ne ko binciken laifi, wanda a nan shi ne kusan kowane batu. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da waɗannan biyu, saboda tsaro. Haƙƙin kai ƙara yana nan a rubuce, amma da Turanci aka fara rubuta shi, hedikwatar hukumar NDPC tana Abuja, manomin da aka yi rajistar layi da sunansa kuwa sau da yawa ba ya sani sai ranar da jami'an tsaro suka zo nemansa.