Cikon Haƙori: Wanne Ya Fi Daɗewa?

Kowace shekara mukan ga ɗalibai suna neman izinin zuwa asibiti, hannu a kunci, saboda ciwon haƙori. Da yawa sukan ce a cire shi kawai a huta. Amma mu tuna, bayan famfara ba sauran canji. Haƙoran babba 32 ne, wanda ya fita kuwa ya fita ke nan. Idan ruɓar ba ta kai jijiya ba, likita yakan kankare ta ya cike ramin. To, da me ake cikewa, kuma wanne ya fi daɗewa?

Na farko shi ne amalgam, cikon nan mai launin azurfa. Kusan rabinsa zaiba ce, sauran kuma azurfa da kuza da jan ƙarfe. An fi shekara 150 ana amfani da shi. Yana jure tauna ƙwarai, yakan kai shekara 10 zuwa 15, wani ma ya wuce. Sai dai zaiba tana gurɓata ruwa da ƙasa. Saboda haka a 2025 ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Minamata suka amince a daina amfani da shi nan da 2034.

Na biyu farin ciko ne da ake kira kwamfosit. Launinsa ɗaya da haƙori, shi ya sa ya dace da haƙoran gaba. Amma yana da sharaɗi: dole wurin ya bushe sarai lokacin sa shi, don yawu yana hana shi kamawa. Kuma yakan ɗan tsuke idan ya daskare, sabuwar ruɓa ta sami hanya ta gefensa. A haƙoran tauna, binciken da ya gwada su biyun ya nuna ya fi amalgam saurin lalacewa, ko da yake na yanzu sun fi na da inganci.

Na uku shi ne gilas ayonoma. Yana sakin sinadarin fuloraid mai ƙarfafa haƙori, kuma ana iya sa shi da kayan hannu ba tare da lantarki ba. A Tanzaniya aka soma wannan dabara a shekarun 1980. Yana daɗewa a ƙaramin rami, amma a babba yakan fashe.

Abin lura a nan shi ne, ba cikon da yake dawwama, kuma kowane iri ya fi daɗewa a ƙaramin rami. Duk lokacin da aka sake ciko, ramin ƙara faɗi yake yi. Saboda haka kada mu jira sai kumatu ya kumbura. Da zarar haƙori ya fara tsami da ruwan sanyi, mu je a duba. Mu rage alewa da lemon kwalba, mu goge baki safe da dare da man goge baki mai fuloraid, mu daina buɗe kwalba da haƙori. Rigakafi dai ya fi magani.